Muhawara: Shin Barbarar Fure Tana Ƙara wa Ayaba Cika?

Mai Lambun Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wani gwaji da na shafe kusan shekara uku ina yi a bayan gidana, kuma na kai inda nake buƙatar waɗanda suka fi ni sani su duba mini shi. A wurin da ruwan wanka da na wanke-wanke ke gangarawa na dasa ayaba iri uku. Ta farko ita ce gajeriyar nan mai zaƙi da ake sayarwa a kasuwa. Ta biyu doguwa ce, 'ya'yanta gajeru masu kauri, ɓawonsu kamar an barbaɗa masa toka, kuma wurin wani maƙwabci na samo ta. Ta uku ba a cin ta, wani abokina ne ya ba ni ita don ado, domin cikinta ƙwallaye ne baƙaƙe zalla masu tauri kamar tsakuwa.

Wata rana yarona yana cin doguwar sai ya ji ƙaras a haƙori. Muka fasa sauran 'ya'yan nonon ɗaya bayan ɗaya, muka tsinci ƙwallo goma sha ɗaya. Na shuka su a gwangwani, biyu suka tsiro bayan kusan wata biyu. Babbar cikinsu ta yi fure bara, amma 'ya'yan suka tsaya sirara kamar yatsun hannu, babu komai a ciki, har suka yi baƙi. Da 'yar gindinta ta fito da nono a bana, sai na ɗebo garin fure daga ta adon na shafa wa hawa uku na farko, ga su nan kuwa sun kumbura. Ganin haka na yi wa gajeriyar ma, nonon da ta ba ni kuma ban taɓa samun mai girmansa ba. Abin da na fahimta shi ne barbara tana ƙara wa ayaba cika, kuma manomanmu asara suke yi da ba sa yin ta. Idan na kauce, a yi mini gyara.

Ɗan Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga abin mamaki a nan ba, domin mu masu dabino da wannan aikin muka tashi. Idan macen dabino ta fasa kwasfa, sai a hau namiji a yanko furensa, a tsinke 'yan silalla a cusa a cikin nonon macen a ɗaure. Wanda ya yi sakaci ya bar wa iska aikin, 'ya'yan da zai samu ƙanana ne marasa ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata, kuma babu mai taya su a kasuwa. Tunda haka abin yake ga dabino, ban ga dalilin da ayaba za ta fita daban ba.

Tsohon Malamin Gona:
Malam mai lambu, Allah ya ƙara basira, domin ba kowa ne zai tsinci ƙwallo a ayaba ya yi tunanin shuka shi ba. Sai dai ka zuba abubuwa biyu a ƙwarya guda, alhali ba ɗaya ba ne. Ayabar da muke ci tana cika da kanta ko garin fure bai taɓa ta ba, kuma nan ne ta rabu da dabinon ɗana na Dutse. Manyan gonakin Ikwado, Kamaru da Kwaddibuwa da ke tura ayaba Turai suna rufe nonon da shuɗiyar leda tun yana ɗanye, suna kuma yanke jan curin furen da ke rataye a ƙarshensa, amma babu wanda ke yawo da garin fure yana shafawa, kuma amfanin gonarsu bai ragu ba. Da barbara tana ƙara ko da kilo ɗaya ne, da kamfanonin nan sun daɗe da ɗaukar ma'aikata a kanta.

Ina da tambaya uku game da gajeriyar. Nonon nan mai girma, na uwar da ka fara dasawa ne ko na 'yar gindinta? A wane lokaci na shekara ya fito? Kuma me ka zuba mata kafin nan?

Mai Lambun Zariya:
Baba, na 'yar gindi ne, ya fito cikin watan Agusta, kuma gaskiya na zuba mata buhu guda na kashin kaji da farkon damina. Na gane inda tambayoyinka suka dosa. Amma ita wadda na shuka daga ƙwallo fa? A kan nono ɗaya, hawa ukun da na shafa wa gari sun cika, sauran sun tsaya fayau, alhali taki ɗaya da ruwa ɗaya suke sha.

Tsohon Malamin Gona:
To ka ba kanka amsa a kan gajeriyar. Haihuwa ta biyu yawanci ta fi ta farko girma, ga damina, ga taki. Abu uku suka taru suka yi aiki, sai ka ba na huɗu lada. Batun ta ƙwallon kuwa gaskiyarka ne, amma zan bar wa 'yata ɗaliba ta yi bayani, domin iliminta ya fi nawa sabunta.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Na gode, Baba. Malam, abin da ka gani a kan waccan shukar gaskiya ne, kuskuren kawai shi ne ɗora shi a kan kowace ayaba. Ayabar daji, wadda asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, ba ta yin tsoka sai an yi mata barbara, kuma a can jemagu masu shan zaƙin fure da tsuntsaye da ƙwari ne ke yin aikin. Ƙwallon da ke girma a ciki shi ne ke sa ɗan ya kumbura, shi ya sa wanda bai samu gari ba yake tsayawa siriri. Mutanen da suka fara noman ayaba, kamar waɗanda aka gano alamun aikinsu a fadamar Kuk ta Papuwa Niyu Gini kusan shekara 7,000 da suka wuce, da waɗanda suka biyo bayansu, sun riƙa zaɓar bishiyoyin da ke yin tsoka ba tare da ƙwallo ba, suna yaɗa su ta hanyar 'ya'yan gindi. Daga wannan zaɓen ne ayabar kasuwa ta fito.

Halaye biyu ne a nan, kuma kowanne da gadonsa. Na farko shi ne cika ba tare da barbara ba. Na biyu shi ne rashin haihuwa, wato ko an kawo gari ƙwallo ba ya samuwa. Na biyun yana da alaƙa da zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Ayabar daji tana da jeri biyu, kowane jeri zare 11, jimla 22, don haka idan za ta samar da ƙwai ko gari sai ta raba su gida biyu daidai. Yawancin ayabar ci da agada jeri uku ne da su, wato 33, kuma uku ba ya rabuwa biyu ba tare da rikici ba, shi ya sa mafi yawan ƙwan nata ba sa rayuwa. Amma rashin haihuwar ba daidai yake a kowane iri ba. Dangin Cavendish, wanda nake zaton gajeriyarka daga cikinsa take, kusan juya ne gaba ɗaya. Doguwar mai tokar ɓawo kuwa ta yi mini kama da dangin da suka ɗauki jeri biyu daga ayabar dajin da masana ke kira Musa balbisiana da ɗaya daga wadda suke kira Musa acuminata, waɗanda aka san su da jefa ƙwallo idan akwai mai gari a kusa. Ƙudan zuma ne suka ɗauko daga ta adonka suka kai mata.

Ita kuwa 'yar da ta tsiro, ga alama ta gaji uban ne ta wannan fuskar. Tun a shekarun 1950 masanin ayaba Norman Simmonds ya nuna cewa halin cika ba barbara yana buƙatar ƙwayoyin gado fiye da ɗaya su haɗu, idan aka rasa ɗaya sai shukar ta koma halin daji. Ina roƙonka ka tsaga ɗaya daga cikin waɗanda suka kumbura. Ina kyautata zaton ƙwallo za ka tarar, ba abin ci ba.

Hajiyar Kumasi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a bayan gidanmu a nan zango agada nake da ita, iri biyu, waɗanda mutanen nan ke kira apem da apantu. Apem tana riƙe da jan curin nan har a sare nonon, amma apantu curin nata bushewa yake ya faɗi tun 'ya'yan ba su ƙosa ba, kuma duk da haka ita ce mai manyan 'ya'ya. Wannan kaɗai ya isa ya gaskata maganar Baba. Abin da ban gane ba, 'yata, shi ne tunda namiji da mace duk a nono ɗaya suke, me ya hana shukar Malam ta yi wa kanta barbara bara?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Hajiya, lokaci ne ya raba su. Idan nono ya leƙo daga tsakiyar ganye ya sunkuyo, marafan farko da ke ɗagawa furannin mata ne a ƙarƙashinsu, su ne hawa-hawan da ke zama ayaba. Kowane hawa yini ɗaya ko biyu ne kawai yake karɓar gari. Furannin maza kuwa suna cikin curin ƙarshe, ba sa fara buɗewa sai bayan mata sun gama, kawunansu sun bushe. Saboda haka dole garin ya fito daga wata bishiyar da ta riga ta kai matakin maza a daidai ranar, kuma wannan daidaituwar ce babbar wahalar mai 'yan bishiyoyi kaɗan a gida. Akwai 'yan tsiraru da suka saɓa wa wannan, kamar wata ayabar ado mai 'ya'ya ruwan hoda masu gashi-gashi da ake kira Musa velutina, wadda furanninta na farko ke ɗauke da namiji da mace tare, shi ya sa take yin ƙwallo ko ita kaɗai ce a gida.

Sabon Shiga:
A gafarce ni da tambayar ɗan koyo. Da na ji ana cewa ayaba mai aure, na ɗauka irin auren mangwaro ne da ake yanko reshe a ɗaura a kan wani. Ba za a iya yin hakan ba a huta da wannan wahalar?

Tsohon Malamin Gona:
Ba za a iya ba, ɗana, domin abin da kake gani kamar kututture ba itace ba ne, gindin ganyaye ne suka naɗe juna, ainihin jikin yana ƙarƙashin ƙasa. Auren ayaba irin na masara mai aure ne, ta hanyar fure da iri.

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa Malam daɗi ba. Wannan aiki ya ci ƙarfin manyan cibiyoyi, balle bayan gida. An fara ƙoƙarin haɗa auren ayaba a Tirinidad a 1922, sannan a Jamaika a 1924, domin a samo wadda za ta maye gurbin Gros Michel, babbar ayabar kasuwar duniya ta wancan lokaci, da cutar Panama ke kashewa. An shafe shekaru gommai ba a samu wadda kasuwa ta karɓa ba, a ƙarshe Cavendish ce ta maye gurbin, ita kuwa ba ƙirar kowa ba ce, tsintar ta aka yi. A Honduras marigayi Phil Rowe, masanin auren ayaba, ya shafe shekaru da dama a kan wannan kafin a fitar da sababbin iri kamar FHIA-01 da FHIA-21. A nan gida, bayan cutar baƙin tabon ganye ta sigatoka ta shigo Najeriya a tsakiyar shekarun 1980, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta fara nata aikin a 1987 a tasharta ta Onne da ke jihar Ribas. Sun riƙa ɗaukar gari daga wata ayabar daji mai suna Calcutta 4 suna shafa wa agada irin su Obino l'Ewai da Bobby Tannap, suna matse dubban 'ya'ya domin tsintar ƙwallo kaɗan, kuma ko waɗannan sai an fasa su a ɗakin gwaji an ciro ɗan tayin an raine shi a cikin kwalba. Daga nan aka samu jerin agada masu aure da ake kira PITA, har cibiyar ta karɓi lambar yabo ta Sarki Baudouin na Beljiyam a 1994. Mutum mai gwangwani goma sha ɗaya ba zai yi gasa da wannan ba. Shawarata ita ce ya nemi tsaftataccen dashe, ya kula da ruwa da taki, ya ci ayabarsa.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Baba, duk abin da ka lissafa haka yake, amma da izininka ba zan bi ka zuwa ƙarshen maganar ba. Su cibiyoyin abin da suke nema mai tsauri ne: iri mai jure cuta, mai yawan amfani, mai ɗanɗanon da miliyoyin mutane suka saba da shi, wanda kuma zai jure tafiya. Malam ba wannan yake nema ba. Tambayarsa ƙarama ce, kuma bayan gida ya ishe ta. Ga shi ma ya yi sa'ar uwa mai haihuwa, har ƙwallo biyu cikin goma sha ɗaya suka tsiro a gwangwani ba tare da kwalba ba. Abin da ya rasa kawai shi ne abin kwatance. Gwajin da aka yi wa kowa magani ba a bar kowa haka nan ba, ba ya gaya maka ko maganin ne ya yi aiki.

Mai Lambun Zariya:
Malama, na tsaga ɗaya kamar yadda kika ce. Na ƙirga ƙwallo arba'in da 'yan kai, tsokar kuwa ba ta wuce abin da ke maƙale a jikin ƙwallon goruba ba. Na karɓi gyara. Yanzu wata gajeriyar tana shirin fitar da nono, ƙanwar waccan ta ƙwallon ma ta fitar da ɗan gajeren ganyen nan na ƙarshe da ke zuwa dab da fure. Yaya zan tsara aikin a wannan karon?

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Da zarar nono ya sunkuyo, kafin marfin farko ya ɗaga, ka rufe shi gaba ɗaya da buhun yadi mara kauri ko gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, ka ɗaure bakin sosai a jikin sandar nonon. Kada ka yi amfani da leda, domin a zafinmu dafa furen za ta yi. Curin mazan da za ka ɗebi gari daga gare shi ma ka rufe shi tun da yamma, in ba haka ba ƙudan zuma za su riga ka kwashewa da asuba. Da safe, tsakanin fitowar rana da misalin ƙarfe goma, ka ɗaga marfin mazan ka tsinko furanni, ka goga zarensu a farcenka. Idan ka ga farin gari kamar alli, akwai abin aiki, idan kuwa farcen ya fito tas to wannan uban ba shi da amfani. Sai ka buɗe buhun, ka dubi hawan da ya buɗe a ranar. Kan tsinken macen zai kasance fari-fari, da danshi mai ɗan danƙo, nan za ka goga zaren a hankali. Wanda ya riga ya yi ruwan ƙasa ya wuce.

Muhimmin abu shi ne kada ka shafa wa na sama duka ka bar na ƙasa duka kamar yadda ka yi a baya, domin hawan sama dama can sun fi na ƙasa girma a kowace ayaba. Ka riƙa tsallakewa: hawa na ɗaya gari, na biyu babu, na uku gari, haka har ƙarshe. Ka ɗaura jan zare a kan waɗanda ka shafa, ka rubuta kwanan wata a littafi. Buhun ya zauna har furen mace na ƙarshe ya bushe. Idan sun ƙosa, bayan wata uku zuwa huɗu, ka auna kowane hawa daban a sikeli, ka bari su nuna su yi laushi, sannan ka matse kowane ɗa da hannu, musamman ta wajen tsinin, domin idan ƙwallo kaɗan ne yawanci nan yake. Ka zuba abin da ka samu a ruwa. Mai nutsewa shi ne mai fata, mai tasowa yawanci holoƙo ne, kuma ka shuka shi da wuri kada ya daɗe a ajiye.

Tsohon Malamin Gona:
Tunda kun dage, ga nawa gudunmawar. Kada ka yi wannan a tsakiyar hunturu. Sanyin dare a Zariya yana tsayar da girman ayaba, gajeriyar ma har shaƙewa take yi nonon ya kasa fitowa daga wuya, kuma busasshiyar iska tana ƙafar da danshin kan furen kafin hantsi. Sannan ka riƙa tsaftace wuƙarka da wuta ko ruwan bilic tsakanin bishiya da bishiya. A Yuganda cutar ƙwayar bakteriya da ta ɓulla a 2001 ta yi wa gonaki mummunar ɓarna, kuma ta wuƙa da ƙwarin da ke sauka a curin maza take yaɗuwa, har manoma suka koma karya curin da sanda mai baki biyu. Na ƙarshe, idan ka ga ratsin rawaya a ganyen 'ya'yan nan naka kada ka raba wa kowa tohonsu, domin dangin balbisiana suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a ɓoye cikin gadonsu, wadda kan farka a jikin 'ya'yan aure.

Mai Lambun Zariya:
Jama'a, bayan wata huɗu da 'yan kwanaki na dawo da sakamako. Gajeriyar ta yi hawa takwas, huɗu da jan zare, huɗu babu. A sikelin mai shagon unguwarmu nauyin yana raguwa ne daga sama zuwa ƙasa a jere, jan zaren bai canza komai ba, har hawa na biyu da ban taɓa ba ya ɗan fi na farko. Ni da yara mun matse 'ya'ya ɗari da goma sha biyu, ko ƙwallo ɗaya ba mu gani ba, sai ɗigo-ɗigon nan baƙaƙe na tsakiya. Uwargida ta ce ɓarnar ta isa haka. Ɗan Dutse, a yi haƙuri, ayaba ba dabino ba ce.

Ƙanwar ta ƙwallon ce ta ba ni mamaki. Hawa biyar ta yi, kuma dukansu sun cika, har waɗanda ban shafa wa komai ba. Na jan zaren suna da ƙwallo biyu zuwa shida a kowane ɗa, sauran kuwa tsoka ce zalla, mai ɗan tsami-tsami, in ban da 'ya'ya biyu a hawa na huɗu da na samu ƙwallo ɗai-ɗai a cikinsu. Na duba littafina, a ranar da wannan hawan ya buɗe ne iska ta yaga gefen buhun, ban lura ba sai da la'asar.

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Madalla, Malam, wannan littafin naka ya yi rana. Ƙanwar ta gaji halin uwar, kuma ita ce ta cancanci a kula da ita. Ka duba mini ganyenta: idan ya fi na yayarta kauri da faɗi, yana kuma lanƙwasowa ƙasa maimakon ya miƙe tsaye, akwai yiwuwar uwar ta ba da jerinta uku cif ba tare da rabawa ba, uban ya ƙara ɗaya, ta zama mai jeri huɗu, wato zare 44, kamar yawancin 'ya'yan farko na Onne da Honduras. Ido ba ya tabbatar da wannan, sai ɗakin gwaji. Irin waɗannan kuwa sun fi uwarsu saurin ɗaukar ƙwallo, don haka muddin ta adon tana fure a kusa, haƙoran yaranka suna cikin haɗari.

Tsohon Malamin Gona:
Haihuwa ɗaya ba ta isa a yanke mata hukunci ba, ka jira nonon 'yar gindinta. Ka bar mata toho ɗaya kawai ka cire sauran, kuma idan ba gwaji za ka sake ba, ka karye curin ta adon da na yayar kafin ta yi fure.

Mai Lambun Zariya:
Ganyen yana lanƙwasowa, Malama, har ɗaya ya karye daga wuya da iskar shekaranjiya. Baba, zan karye na yayar, amma na ta adon zan rufe shi da buhu ne kawai, domin doguwar uwar tana dab da fitar da wani nonon kuma ina so in sake gwada ta da hannuna. Ƙwallaye tara masu nutsewa daga ƙanwar suna cikin gwangwani tun ranar Asabar.